Tambulan Biyu, Nawa da Nata

Litinin, 3 ga Maris

Na tashi da sauƙi-sauƙi. Ƙafafun ba su kumbura sosai ba. Numfashin ne dai, in na hau matakala sai na tsaya a tsakiya kamar mai tuna wani abu. Zafi ya fara.

'Yata Auta ta zo da yamma, ba ta ko ajiye jakarta ba. Ranar Juma'a aka sallamo 'yarta Tsuntsuwa daga asibiti, sikilarta ta sake tashi, har da ƙarin jini wannan karon. Ta ce shagon ɗinkin da take aiki ya zama tanda, ga uban yarinyar yana kan hanya da babbar mota sai ƙarshen wata. Ko zan iya riƙe ta daga tashin makaranta zuwa magariba? Na ce to tun ba ta rufe baki ba. Na ji kunyar saurin da na yi.

Ta maimaita mini abin da nas ta ce. Kada ta yi guje-guje cikin rana, kada ta yi wanka da ruwan sanyi, ƙwayarta ta kullum, kuma da jikinta ya yi ɗumi a kira ta, ba a jira. Amma babban abu ruwa. "Ruwa, Baba, ruwa. In jininta ya yi kauri shi ke nan. Ni na gaji da faɗa da ita, ko kai za ta ji maganarka."

Na ce wanda ya yi shekara da shekaru yana sa jama'a bin layi a gidan waya ba zai kasa da 'yar shekara bakwai ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na kasa.

Ba banza muke ce mata Tsuntsuwa ba. Ta tsoma baki a ruwa ta ɗago, wai ta sha. Na lallasa, na yi barazana, na ce zan kira uwarta. Ta ce in kira mana, ai lambar ma sai na nemo tabarau.

Daga baya, tana zane a ƙasa ba ta dube ni ba, ta ce in ta sha ruwa da yawa kullum sai ta ɗaga hannu a aji ta fita, yara suna mata dariya. Wani ya sa mata suna Famfo. Na gyara mata fensir.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau ta kama ni. "Kaka, kai me ya sa ba ka sha? Tunda na zo ban ga ka sha ruwa ba. Ni kaɗai kuka gani."

Gaskiyarta. Likitan zuciya ya auna mini abin da zan sha a yini, 'yar kwalbar nan mai shuɗin murfi, da shayi da komai a ciki. Ya ce zuciyata ta gaji, ba ta iya tura ruwa, in na wuce haka zai taru a ƙafa ya hau ƙirji. Tun bara nake bin wannan doka kamar soja.

To yaya zan gaya wa yarinyar da aka ce ruwa ne maganinta cewa ni ruwa guba ne a wurina? Sai na ɗauko tambulan biyu na marigayiya matata, masu zanen fure, waɗanda ba a taɓawa sai baƙi. Na cika su. Na ce ni ɗaya ke ɗaya, wanda ya rigaya shi ne sarki.

Ta shanye tas. Har da gyatsa.

Sau ɗaya ne ai. Ba wani abu.

Asabar, 8 ga Maris

Ba makaranta, ba ta zo ba. Ɗakin ya yi girma.

Talata, 11 ga Maris

Wasan ya zama doka. Da ta ajiye jaka sai ta ɗauko tambulan biyun da kanta ta jera a bakin taga. In ta shigo, bayan ta ci abinci, bayan aikin gida, kafin uwarta ta zo, ga na tsakani in ta ga dama.

Na gwada dabara. Tana ɗaga nata na juye nawa a tukunyar furen da ke taga. Ta sauke tambulan ta kalle ni, ta kalli ƙasar tukunyar da ta yi duhu. "Kaka! Tsoho da kai kana maguɗi? Allah yana ganinka fa." Ta sake cika mini. Yanzu sai ta tsaya gabana ta sa ido a maƙogwarona ta ga yana hawa yana sauka, sannan in buɗe baki ta duba. Ko mai binciken da ake turo mana daga babban ofis bai kai ta ba.

Na gwada rage nawa kaɗan. Ta jera su ta sunkuya ta daidaita da ido.

Juma'a, 14 ga Maris

Auta ta ce wane asiri na yi mata? Yarinya ta koma gida da leɓe a jiƙe, fitsarinta ya yi fari. Na ce sirrin tsofaffi ne. Ta yi dariya, rabon da in ji dariyar Auta har na manta. Ta taɓa kafaɗata da za ta fita.

Da safe ba na shan komai yanzu, sai ɗan abin da zai tura ƙwaya. Ina ajiye wurin don yamma. Lissafin dai ba ya fita, na sani.

Litinin, 17 ga Maris

Idanunta sun washe. Wannan rawayar da ke kwanciya a gefen farin ta ja baya. Na daɗe ina kallonta tana karatu da ƙarfi, tana bin layi da yatsa, har ta ce, "Kaka, kallon fa? Ko na ci bashinka ne?"

Yayan Auta nake gani, ɗana na fari. Haka yatsunsa suke, sirara. A lokacinsa ko sunan ciwon ba mu sani ba, sanyin ƙashi ake cewa, a shafa mai a lulluɓe shi. Yana kuka yana cewa ana sara masa ƙafa. Bai kai shekarun Tsuntsuwa ba. Auta ba ta san shi ba sai a hoto.

Da a ce an gaya mana ruwa kawai. Ruwa, da ke randa a kusurwar ɗaki.

Na bar wannan. Allah Ya ji ƙansa.

Alhamis, 20 ga Maris

Takalmin fita ya ƙi shiga. Na sa silifa.

Talata, 25 ga Maris

Ranar ganin likitan zuciya ce, ban je ba. Na san abin da sikelinsa zai faɗa, kuma na san shi, sai ya kira Auta. In Auta ta ji, ta daina kawo ta. In ta daina kawo ta, wa zai sha da ita?

Wannan ne dalilin. Shi na rubuta, shi ne kuma dalilin.

Na sa safa duk da zafin nan don kada a ga idon sawuna. Tsuntsuwa ta cire mini ɗaya tana wasa, ta danna yatsa a ƙafar, wurin ya loɓa bai taso ba. Ta yi ta ƙyaƙyata dariya. "Kaka, ƙafarka ta zama burodi!" Ta kira ni Mai Burodi har uwarta ta zo. Na mai da safar kafin a buɗe ƙofa.

Alhamis, 27 ga Maris

Na tsorata yau.

An tsai da su a filin makaranta cikin rana wai ana jiran wani baƙo. Ta shigo ba gudu ba surutu, ta riƙe gwiwar hannunta ta dama. Na tambaya, ta ce ba komai. Wannan ba komai ɗin na san shi. Tsoron allura ne.

Na taɓa goshinta, ba zazzaɓi, na auna ma don in tabbata. Na kira Auta, ta ce in ba ta maganin ciwon da ke aljihun jakarta, in bai lafa ba ta taho mu tafi. Na ɗora ruwa a wuta, na jiƙa tawul da ɗumi na naɗe hannun. Na kashe fanka. Sai ruwa. Ta ce ba za ta iya ba, cikinta ya cika. Na ce to ni zan zama sarki yau ke nan. Ta harare ni da ido jage-jage da hawaye ta miƙo hannun hagu.

Ban ƙirga abin da muka sha ba. Kafin la'asar ta wuce ta yi barci a kan cinyata, tawul ɗin ya huce. Da ta farka ta miƙe hannun ta lanƙwasa, ta ce yunwa take ji.

Ba mu je asibiti ba. In sake rubutawa: ba mu je asibiti ba.

Asabar, 29 ga Maris

Kwanciya ba ta yiwuwa, sai a kujera da matasai a baya. In na miƙe kamar an ɗora mini buhu a ƙirji. Tari, ba ya fitar da komai.

Mai Kanti na ƙasa ya hawo mini da sabulu, ya tsaya yana kallona. "Baba, wannan numfashin naka ban so shi ba. In kira 'yarka?" Na ce mura ce, ya kula da cinikinsa. Ya fita yana girgiza kai.

Litinin, 31 ga Maris

Ta zo da albishir. Malamarsu ta ce daga yau duk mai son fita ya fita ba sai ya ɗaga hannu ba, kuma wanda ya sake cewa Famfo ya share aji. Auta ce ta je ta yi magana. Muka sha na murna.

Rubutun ya karkace. Gobe.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Jiya aka sallamo ni. Zan rubuta yadda ya faru, ko zai bar kaina.

Talatar da ta biyo bayan rubutuna na ƙarshe, mun sha na farko, na tashi zan ɗauko mata biskit, sai iska ta ƙi shiga. Ina ja, babu. Na tuna tambulan yana mirginawa a ƙasa bai fashe ba. Ita ce ta sauka da gudu ta kira Mai Kanti. Yarinyar da aka hana gudu.

A asibiti sun cire mini ruwa da allura, kwana da kwanaki ina ta fitsari a roba. Da na dawo hayyacina likitan ya zo zagaye, Auta na tsaye, Tsuntsuwa na zaune a bakin gadon tana wasa da ƙafa. Ya ce bai gane ba, mutumin da ya fi kowa bin doka a marasa lafiyarsa, yaya aka yi ruwa ya taru haka? Ko na daina shan ƙwaya? Na ce ina sha. Ko na koma cin gishiri? Na ce a'a. Ya ce to ruwa fa?

Kafin in haɗa ƙarya ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Likita, Kaka yana shan ruwa sosai! Ni nake sa shi. Kullum-kullum. Ko ya yi maguɗi sai na kama shi."

Tana murmushi. Jira take a yaba mata.

Likitan ya rufe fayil ɗinsa a hankali. Auta ta juyo ta dube ni, ban taɓa ganin fuskarta haka ba, fuskar uwarta ce sak. Ta manta yarinyar na nan. "Baba, an ce maka ruwa zai kashe ka, ka zauna kana sha? Da ka mutu a gabanta fa? Ka bar mata wannan ta ɗauka har tsufanta?"

Na ga murmushin yana sauka daga fuskar Tsuntsuwa kaɗan-kaɗan. Ta daina wasa da ƙafa.

Ba a sake kawo ta asibitin ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ƙafafun sun saɓe, fatar ta yi yaushi kamar tsohuwar jaka. Takalmi ya shiga. Ba inda za ni.

Auta ta kawo abinci ita kaɗai. Ta wanke 'yar kwalbar mai shuɗin murfi, ta ɗaura mata zare a wuya inda zan tsaya. Ta ce ta sami wata maƙwabciya mai riƙe yara bayan makaranta. Ta ce ba hukunci ba ne, Baba, hutu ne. Na ce na gane.

Na tambayi yarinyar. Ta ce lafiya. Ta faɗa tana kallon taga.

Talata, 15 ga Afrilu

Tambulan biyun na nan inda Mai Kanti ya jera su. Na kasa mai da su kabad.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Auta ta kira, tana kuka. Ashe tun ranar asibitin Tsuntsuwa ba ta shan ruwa. Ko an ɗura mata sai ta riƙe a baki ta je ta tofar. Ba ta faɗin dalili. Jiya ciwon ya tashi a baya da ƙafafu biyu, suna can an sa mata ƙarin ruwa.

Na sa takalmi na sauka matakala, na kai ƙofar kanti, ƙafa ta ce nan ne iyakarta. Mai Kanti ya zaunar da ni a benci. Allah Ya saka masa. Ya riƙo ni muka hau.

Na san kukan da take yi a can. Ba sai na ji ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ciwon ya ɗan lafa, amma har yanzu ta ƙi sha da baki, kuma nas ta ce ba za su sallame ta ba sai ta sha. Na roƙi Auta ta sa mata waya a kunne. Ta ce, "Baba, kada ka yi mata alkawarin da zai mai da kai gadon nan." Na ce ba zan yi ba.

Na ji numfashinta kawai. Na ce Tsuntsuwa, Mai Burodi ne. Can ta ce, da wata ƙaramar murya, "Ni na sa ka kusa mutuwa."

Na ce a'a. Na ce ni babba ne, na san dokata, ni na taka ta, ita ba ta sani ba. Na gaya mata gaskiyar da ya kamata in faɗa tun ranar farko. Jikina da nata ba ɗaya ba ne. Nata kamar furen taga yake, in ba ruwa ya langaɓe. Nawa tsohuwar tukunya ce mai tsaga, in an cika ta sai ta fashe. Ta ce, "To me ya sa ka sha?" Na ce don ina son zama sarki. Ta ce, "Ƙarya ne." Na ce ƙarya ne.

Sai na ce ina da matsala, ko za ta taimake ni. Kullum akwai rabon ruwana da likita ya hana ni, ga shi nan yana zaman banza, ba mai sha. Ko za ta riƙa shan nata, sannan ta shanye mini nawa?

Ta ce, "In na sha naka, kai ba abin da zai same ka?" Na ce ko kaɗan, sauƙi ma zan ji. "To wa zai zama sarki?" Na ce ke, kullum. Ta ce wannan ba wasa ba ne in mutum ɗaya ne ke ci. Na ce haka ne, amma haka za mu yi.

Na ji Auta na zuba ruwa. Na ji haɗiya. Sai, "Wannan nawa ne." Aka sake zubawa. "Wannan na Kaka ne."

Na ajiye wayar na zauna. Na daɗe a zaune.

Laraba, 23 ga Afrilu

An sallame ta. Alhamdu lillahi.

Litinin, 28 ga Afrilu

Auta ta biyo da magani. Ta ce yarinya ta koma makaranta da gora biyu a jaka, ta rubuta suna a jikin kowace. Ba mai tuna mata. Har a gidan maƙwabciyar tana sa sauran yaran layi su sha, tana duba maƙogwaronsu. Akwai wata 'yar ajinsu da suka shaƙu, kullum suna tare.

Na ce madalla. Na ce madalla har sau biyu, don na farkon bai fita da kyau ba.

Ta ce in Allah Ya yarda ranar Asabar za ta kawo ta mu wuni.

Alhamis, 1 ga Mayu

Na je wurin likita da kaina, Mai Kanti ya tsayar mini da mota. Sikeli ya yi kyau. Likitan ya ce, "Baba, yaya abokiyar shan taka?" Na ce ta sami ƙarin girma, ta bar ni a baya.

Na sayo biskit ɗin da take so, mai madara a tsakiya.

Asabar, 3 ga Mayu

Jiki da dama. Numfashi lafiya in ban yi sauri ba. An yi yayyafi da safe, gari ya yi sanyi, na fito da ƙaramin bargo na ajiye a kujera ko za ta buƙata.

Na share ɗaki, na huta, na ƙarasa. Na wanke tambulan biyun na cika su na jera a taga, tunda yanzu duk nata ne. Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai na leƙa.

Bayan la'asar Auta ta kira. Aiki ya riƙe ta, ita kuma yarinyar tana gidan ƙawar nan tata tun hantsi, sun baje kayan wasa, ta sa rigar sanyi, gorunanta na tare da ita. Ta ce, "Na ce mata za mu wurin Kaka, ta ce sai sun gama. In je in ɗauko ta, Baba? Ko na rabin awa ne."

Na kalli taga. Na ce a'a, bar ta ta yi wasanta.

Da magariba na juye tambulan biyun a tukunyar fure, ba wanda ya kama ni. Na goge su na mai da su kabad, wurin na baƙi. Biskit ɗin ba ya lalacewa da wuri.

Na sha nawa daidai zare.

Ba ta zo ba.